Ƙarin muƙamuƙi: tarihin neman alamar da za ta tona halinsa

 

Yau tarihin wani ciwo za mu bi, ciwon da ba ya ciwo. Da yawanmu mun taɓa ganinsa, ko a kasuwa, ko a tasha, ko a cikin dangi. Mutum ne da ƙarfinsa, yana harkokinsa, sai dai gefe ɗaya na fuskarsa ya kumbura daga wajen muƙamuƙi, kamar ya cusa goro da yawa a kunci. Bara ka gan shi kumburin kamar ƙwai, bana ya kai lemo. Ka tambaye shi, ya ce maka ai ba ya masa zafi.

In Allah ya sa ya je asibiti, aka ɗebi ɗan naman aka duba, sai ya ji magana biyu da ba su yi kama da juna ba. Likita ya ce, alhamdu lillahi, wannan ba kansa ba ce. Kafin ya gama hamdala, likitan ya ƙara da cewa, amma fa sai an yanke wani ɓangare na muƙamuƙin. To yaya ke nan? Abin da ba kansa ba, don me za a raba mutum da ƙashinsa da haƙoransa a kansa? Wannan tambayar ta kusa shekara 200 tana ba likitoci wahala, kuma ita za mu bi yau.

Bari mu fara da haƙori kansa. Tun jariri yana ciki ake fara gina haƙoransa a cikin ƙashin muƙamuƙi. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne su yi wa haƙori farin ɓawon nan mai tauri da muke gani, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Da zarar haƙori ya fito, aikinsu ya ƙare, su mutu. Shi ya sa in farin haƙori ya gutsure ba ya tohowa. Sai dai magini ba ya tashi bai bar ɓurɓushi ba. Wasu 'yan ragowar ƙwayoyin ginin haƙori suna nan kwance a cikin ƙashi da dasashi har tsufa. A wajen mafi yawan mutane barcinsu suke yi har ƙarshen rayuwa. A wajen ƙalilan sai su farka su fara hayayyafa, kuma daga nan ne ƙarin ke samo asali.

Masu rubuta tarihin wannan cuta galibi daga birnin Dublin na ƙasar Ayalan suke farawa. A 1827 wani likitan tiyata mai suna James Cusack ya wallafa bayanin ayyukan yanke ƙashin muƙamuƙin ƙasa da ya yi a asibitin Steevens. Ku tuna fa, sai a 1846 aka fara nuna wa duniya maganin sa barci a tiyata, a birnin Boston. Hoton ƙashi kuwa sai a 1895. Wato mutanen nan idonsu biyu aka yi musu aikin, likitan kuma bai san iyakar abin da zai tarar ba sai da ya buɗe. Mutum bai yarda da irin wannan wuƙa ba sai ƙarin ya hana shi tauna da magana.

A 1885 wani masani Bafaranshe, Louis-Charles Malassez, wanda ya yi nazari sosai kan ragowar ƙwayoyin nan da muka ambata, ya raɗa wa ƙarin sunan da ya zama adamantinoma, daga kalmar Girkanci mai nufin abu mai tauri da ba ya fasuwa. Sunan bai dace ba, domin ƙarin ba shi da tauri, ba ya kuma yin farin haƙori ko ɗigo. A 1930 likitoci biyu a Amurka, Ivy da Churchill, suka kawo sunan da ake amfani da shi har yau: amelobilastoma. Bayan shekara 7, a 1937, Hamilton Robinson ya tattara labarin marasa lafiya 379 da aka wallafa, ya fitar da halin ciwon. Abin da ya gano shi ne, ƙarin yana girma yana hutawa, a ƙarƙashin madubin likita kamanninsa na salihi ne, amma a jikin mai shi naci gare shi, ba ya barin wuri.

Ga yadda yake. Kusan kashi 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, galibi can baya wajen turame. Ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40. A hoton ƙashi yakan fito kamar kumfar sabulu, ko saƙar zuma. Yana cin ƙashi daga ciki kamar yadda gara ke cin azara, har ƙashin ya yi siriri, in an danna ya yi ƙas-ƙas kamar ɓawon ƙwai. Yakan cinye saiwar haƙora su fara girgiɗi. Da wuya ƙwarai ya tsallaka zuwa huhu ko wata gaɓa, kuma wannan ne dalilin da ya sa ba a kiransa kansa. Amma yana tura 'yan yatsu cikin ramukan ƙashi fiye da inda hoto ya nuna. In likita ya kankare shi kawai ya rufe, rahotanni da yawa sun nuna fiye da rabi yana dawowa, wani bayan shekara 5, wani bayan 10, wani har ya wuce haka. Manomi ya san ƙiri-ƙiri: ka nome ganyen, saiwar tana ƙasa tana jiran ruwan farko.

Da a ce duk ƙarin muƙamuƙi haka suke, da magana ta ƙare, kowa a yanke. Matsalar ita ce yana da 'yan'uwa da suka fito daga tsatso ɗaya, halinsu kuma ya bambanta. Akwai wani da ya fi fitowa a 'yan mata matasa, a gaban muƙamuƙin sama, sau da yawa a jikin fiƙar da ta ƙi fitowa. Shekara da shekaru ana kiransa da sunan da ke nuna cewa shi ma wani nau'in amelobilastoma ne. Alhali shi a cikin jakarsa yake zaune, a ɓare shi kamar gyaɗa daga kwanso, kuma da wuya ya dawo. Sai a 1969 Philipsen da Birn suka ba shi sunansa na daban, wanda ake taƙaitawa AOT, Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi sunan a jadawalinta na farko a 1971. Kun ga suna ba wasa ba ne. Sunan da likita ya karanta a takardar gwaji shi ke gaya masa faɗin abin da zai yanke.

Akwai kuma na uku da ya fi rikita masana. Shi jaka ce mai ruwa-ruwa a cikin ƙashi, wadda shi dai Philipsen ɗin, ɗan ƙasar Denmak, ya raɗa wa suna keratosist a 1956. Tana da halin dawowa bayan an cire. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, wannan da irin halinta, ƙari ce, a fitar da ita daga sahun jakunkuna. A 2017 hukumar ta dawo ta ce hujjar ba ta isa ba, a mayar da ita inda take. Shekara 12 littattafan ɗalibai suna faɗin abu ɗaya, sannan aka juya. Ita kuwa jakar ba ta canza hali ba ko na kwana ɗaya.

Wannan ne ya sa masana suka shiga neman wata alama. Tun da kamanni yana yaudara, ko akwai wani abu a cikin naman da za a auna, ya ce wannan mai naci ne, wancan kuma lafiya lau? Nan ne enzayim ya shigo labarin.

Menene enzayim? Furotin ne da jiki ke ƙerawa don ya gaggauta wani aiki na musamman. Ku tauna gurasa ko rogo ku daɗe ba ku haɗiye ba, za ku ji ya fara zaƙi. Wani enzayim ne a cikin yawu yake farfasa sitaci ya koma sukari. Kowane da aikinsa: wani yanka yake, wani haɗawa, wani kunna wani yake. Tunanin masana shi ne, in kana son ka san sana'ar mutum, duba kayan aikin da ke hannunsa. Ƙarin da ke fasa ƙashi dole a same shi da kayan fasawa.

Matakin farko shi ne a iya ganin enzayim a inda yake. A 1939 George Gomori a birnin Chicago, da Takamatsu ɗan Japan, kowa a nasa ɓangaren, suka gano hanyar rina yankakken nama ta yadda wurin da wani enzayim ke aiki zai yi duhu a ƙarƙashin madubi. A 1966 Nakane da Pierce suka ƙara wata dabara. Suka ɗauki sojan garkuwar jiki wanda ba ya kama komai sai furotin ɗin da ake nema, suka ɗaura masa wani enzayim da ake samu a saiwar wani tsiro mai yaji. Duk inda ya kama, sai wurin ya yi ruwan ƙasa-ƙasa. Har gobe da wannan rini ɗakunan gwaji suke aiki.

Amma wane enzayim za a nema? Amsar daga wani wuri ta fito da ba wanda zai zata: wutsiyar talibambam. Duk wanda ya yi wasa a bakin kududdufi da damina ya san shi. Yau yana da wutsiya, an jima ya zama kwaɗo babu ita. Ina ta tafi? Ba faɗuwa take yi ba, jikin ne ke narkar da ita ya shanye. Wutsiyar nan cike take da kolajin, wato zaren furotin mai ƙarfi da ke riƙe fata da jijiya da ƙashi, wanda a lokacin ba a san da wani enzayim na jikin dabba mai ƙashin baya da ke iya tsinka shi yana lafiyarsa ba. A 1962, a Boston, Jerome Gross da Charles Lapière, wanda ya zo daga Beljiyam, suka ɗora ɗan yankin wutsiyar a kan daskararren kolajin. Sai suka ga kewayen naman ya narke ya yi fili. Sun kama almakashin.

Daga baya aka gane ba shi kaɗai ba ne, dangi ne guda. A jikin mutum sun haura 20, ana kiransu MMP, kowane da lambarsa, kuma dukansu sai da sinadarin zinki suke yanka. Jiki yana da wasu furotin da ke riƙe musu hannu, su TIMP, don kada su yi ɓarna. A 1980 Lance Liotta da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin kansa da suka fi yaɗuwa su ne suka fi iya narkar da siririn shingen kolajin da ke killace su. Daga nan sai hankalin kowa ya koma kan waɗannan almakasai.

Masu nazarin muƙamuƙi ma ba su zauna ba. Ƙashi, ku ɗauke shi kamar kankare: akwai siminti, wato ma'adinin kalsiyam, akwai kuma rodi, wato kolajin. Aka rina naman amelobilastoma, aka sami MMP-2 da MMP-9 da wasu 'yan'uwansu. Wasu nazarce-nazarce sun nuna sun fi yawa a cikinsa fiye da a cikin salihin nan AOT. An kuma lura da wani abin mamaki: ba ƙwayoyin ƙarin kaɗai ke fitar da su ba, har lafiyayyen naman da ke kewaye da shi. Sannan ƙarin yana aika saƙo, ta wani furotin mai suna RANKL, ya tayar da ƙwayoyin jiki masu rushe ƙashi, waɗanda aikinsu na halal shi ne cire tsohon ƙashi don a sa sabo. Su ke zuba asid su narkar da simintin, enzayim ya tsinka rodin. Wato ƙarin bai cika yin rusau da hannunsa ba, leburorin gidan yake sawa su rushe gidan.

Wannan ilimi ne babba, ya amsa tambayar yaya abin da ba kansa ba yake cin ƙashi. To amma ya zama alamar da ake nema? A nan fa gaskiya sai an yi a hankali. Waɗannan enzayim ba na ƙari kaɗai ba ne. Suna nan a ciwon dasashi, suna nan a raunin da ke warkewa, har farin haƙori ma da wani ɗan gidansu, MMP-20, ake gyara shi lokacin gini. Naman da ya kumbura saboda ƙwayoyin cuta zai iya yin ruwan ƙasa-ƙasa sosai ba don yana da naci ba. Ciwon kuma ba mai yawa ba ne, don haka galibin binciken a kan mutane ƙalilan aka yi shi. Sannan ƙarin da zai iya dawowa bayan shekara 10, sai ka bi mai shi shekara 10 kafin ka ce alamarka ta yi gaskiya. Shi ya sa har yau likitan tiyata ba ya cewa tun da MMP-9 ya yi ƙasa bari in rage yanka. Ko a fagen kansa an sha wannan darasin. A ƙarshen shekarun 1990 aka gwada magungunan toshe MMP, irin su marimastat, da babban fata. Ba su ƙara wa marasa lafiya kwana yadda aka zata ba, ga ciwon gaɓoɓi da suka jawo, aka jingine su.

Sai a 2014 wata ƙofa ta buɗe, kuma ita ma ta enzayim ce, sai dai ba mai yanka ba, mai kunnawa. Sunansa BRAF. Aikinsa a cikin ƙwayar halitta shi ne isar da umarnin a hayayyafa. Tun 2002 masana a Ingila suka gano cewa a wata muguwar kansar fata yakan lalace ya maƙale a kunne, kamar totur ɗin babur da ya ƙi komawa. A 2014 ƙungiyoyin bincike uku, ɗaya a Turku ta ƙasar Finlan, ɗaya a Stanford, ɗaya a Michigan, suka sami wannan lalacewar, wadda ake kira V600E, a cikin amelobilastoma. Kusan 6 cikin kowane 10 suna ɗauke da ita, musamman na muƙamuƙin ƙasa. Na sama kuma sau da yawa wani furotin ne daban, SMO, yake lalacewa.

Daɗin abin shi ne an riga an ƙera magungunan da ke toshe BRAF saboda kansar fata, irin su dabrafenib da vemurafenib. Aka fara ba wasu ƙalilan da ƙarinsu ya gagari wuƙa, aka ga ya motse. A wasu cibiyoyi yanzu ana gwada ba da maganin kafin tiyata don a rage girman abin da za a yanke. Sai dai magungunan suna da tsada ƙwarai, kuma tiyata ce har yanzu ginshiƙin magani.

Ko shi BRAF ɗin bai zama boka ba. Tawadar Allah da ke jikinmu, baƙin ɗigon nan da ba ya cutar da kowa, mafi yawansu suna ɗauke da wannan lalacewar ta V600E. Shi kuma AOT, salihin da ake ɓarewa kamar gyaɗa, an gano yawancinsa yana da lalacewa a KRAS, wanda yake a layi ɗaya da BRAF, kuma sananne ne a kansar hanji da ta huhu. Kun gani ko? Ka sami wuƙa a hannun mutum bai nuna maka ko mahauci ne ko ɗan fashi ba.

Bari mu dawo gida, domin wannan tarihin yana da reshe a Kaduna. Farfesa E. O. Adekeye, likitan tiyatar baki da muƙamuƙi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya wallafa nazarin marasa lafiya 109 masu amelobilastoma a 1980. A 1993 shi da abokan aikinsa, Olaitan da Adeola, suka wallafa na mutum 315, duk daga Kaduna. Ga ciwon da ba shi da yawa a duniya, wannan adadi ne mai girma daga wuri ɗaya, kuma masana na ƙasashen waje suna kafa hujja da shi. Rahotannin asibitocin Najeriya sun sha nuna cewa amelobilastoma ne kan gaba a cikin ƙarin da ke fitowa daga tushen haƙori, alhali a Turai da Amurka wani ɗan ƙaramin ƙulli marar cutarwa, odontoma, yakan riƙe wannan matsayi. Wani ɓangare na dalilin a fili yake. A can mutum yakan je duba haƙori lafiyarsa ƙalau, a ɗauki hoto, a tsinci ƙaramin abu tun bai nuna ba. Mu a nan sai abin ya fito fili ya canza fuska.

Kuma a nan ne bambancin yake, jama'a. Ƙa'idar da likitoci suka tsaya a kai bayan duk wannan tarihi ita ce a cire ƙarin tare da lafiyayyen ƙashi kamar santimita 1 zuwa 1.5 a kewayensa, saboda 'yan yatsun nan da hoto ba ya nunawa. In ƙarin ƙarami ne, ana iya yin haka a bar gindin muƙamuƙin a haɗe, fuska ba ta karkace ba. In ya kai girman lemo ko ya wuce, sai a yanke ɓangare guda, a nemo ƙashi daga ƙugu ko haƙarƙari a cike gurbin. A 1989 David Hidalgo a New York ya nuna yadda za a ɗauko siririn ƙashin ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa a gina sabon muƙamuƙi. Aiki ne mai kyau, amma yana cin awanni da kuɗi da ƙwararrun hannu. Ciwo ɗaya ne, suna ɗaya, enzayim ɗaya. Shekarun da aka yi ana jira ne suka raba ƙaramin aiki da babba.

Kuma ba sakaci ne kawai ke sa jiran ba. Abin da ba ya zafi ba ya tayar da hankali. Wani ya ɗauka ciwon haƙori ne ya je a cire masa, kumburin ya ci gaba. Wani a yi masa tsaga, wani a ce jifa ne. Wani ya je asibiti ya ji kalmar nan, ba kansa ba ce, ya ɗauka an sallame shi ke nan. Wani kuma kuɗin mota ma aiki ne. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, kuma ƙarin nan ya fi kowa sanin haka.

Don haka ga abin da za mu riƙe. Kumburi a muƙamuƙi da ya yi makonni bai sauka ba, ko babu zafi, ko haƙoran babba da suka fara girgiɗi ko matsawa ba tare da dalili ba, a kai wa likitan haƙori, a nemi hoton ƙashi. In yaro ne kuma kumburin yana girma cikin kwanaki, wannan na gaggawa ne, domin akwai wata kansa mai sauri da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, ita kuma magani take ji in an zo da wuri. Wanda aka riga aka yi wa aiki, kada ya yar da katin asibiti don ya ga ya warke, ya ci gaba da komawa dubawa shekara bayan shekara.

Masana suna nan suna neman alamar da za ta faɗi halin ƙari tun daga ɗan yankin nama, muna kuma yi musu fatan nasara. Kafin su kai, alamar da ke hannunmu ita ce wadda uwa za ta gani a fuskar ɗanta, ko mata a fuskar mijinta, ta ce malam, gefen nan naka ya fi wancan, mu je a duba.

A nan za mu dakata. Wanda yake da tambaya ya ajiye ta a ƙasa, wanda kuma ya san mai irin wannan kumburi ya tura masa shirin. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma ya ƙara mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.